La Barraka: ƴan wasan da gwamnati ta aika ƙauyuka

Ƴan'uwa masu karatu, wasan kwaikwayo ba baƙo ba ne a gare ku. Kun saurare shi a rediyo, kun gan shi a telebijin. Waɗansunku ma sun taɓa zama a gidan samariya suna kallo, suna dariya har da hawaye. Wasu na ce masa teyatur. To, karatunmu na yau labarin wata ƙungiyar ƴan wasa ce ta ƙasar Ispaniya, wadda gwamnati ta ba kuɗi don ta yi ta yawo gari gari tana nuna wa talakawa wasa kyauta. Sunanta La Barraka. Shekara huɗu kaɗai ta yi tana aiki, daga 1932 zuwa 1936, amma har yau ana maganarta.

Ispaniya tana cikin Turai, kudu maso yamma da Faransa. Wani ɗan mashigin teku ne mai faɗin kilomita 14 ya raba ta da Maroko. Idan an ce Turai, da yawanmu sai mu ɗauka kowa can ya iya karatu tun fil'azal. Ba haka ba ne. A wajen 1930, kusan mutum ɗaya cikin uku a Ispaniya bai iya karatu da rubutu ba. Abin ya fi yawa a karkara, kuma ya fi yawa ga mata. Akwai ƙauyukan kan duwatsu da mota ba ta zuwa, sai alfadari ko jaki. Babu lantarki, babu likita. A kudancin ƙasar manyan gonaki suna hannun attajirai ƙalilan, sauran jama'a ƙodago suke yi, ranar da babu aiki babu abinci.

Ran 14 ga Afrilu 1931 sarkin ƙasar, Alfonso na 13, ya bar gadon sarauta ya fita ƙasar, aka kafa jamhuriya. Sabbin shugabannin, da yawansu malaman makaranta ne da marubuta. Ra'ayinsu shi ne jamhuriya ba za ta tsaya da ƙafafunta ba muddin masu zaɓe suna cikin duhun kai. Sai suka shiga gina dubban lakwal. Amma lakwal ta yara ce. Manya fa, waɗanda lokacin shiga aji ya wuce su?

Saboda su ne, ran 29 ga Mayu 1931, gwamnati ta kafa wani shiri na aika malamai da ɗalibai ƙauyuka. Suna ɗora kaya a mota, inda hanya ta ƙare su mai da su bisa alfadarai. Kayan su ne littattafai, da garmaho, da na'urar silima, da kwafin manyan zane-zanen da ke ajiye a Madrid, babban birnin ƙasar. Sukan yi ƴan kwanaki a gari, su tafi su bar akwatin littattafai a hannun malamin lakwal. Kafin yaƙi ya tsai da shirin, sun rarraba irin waɗannan ƙananan ɗakunan karatu fiye da 5.000. Wannan shiri yana da tasa ƙungiyar wasan kwaikwayo, ƙarƙashin wani marubuci mai suna Alehandro Kasona. La Barraka ƙungiya ce daban, amma a cikin wannan iska aka haife ta.

Ɗaliban jami'ar Madrid ne suka kawo shawarar, a ƙarshen 1931. Suka nemi wani mawaƙi ya shugabance su, wato Federiko Garsiya Lorka. Idan na ce mawaƙi, ina nufin mai rubuta waƙa a takarda, ko da yake ya iya kiɗan fiyano ƙwarai. An haife shi a 1898 a wani ƙauye kusa da birnin Garanada. Ubansa manomi ne mai wadata, uwarsa kuwa malamar lakwal ce. Ya san mutanen karkara, don a cikinsu ya tashi. Aka haɗa shi da wani mai suna Eduwardo Ugarte, mutum mai tsari wanda ba ya son fitowa gaba. Ministan ilimi na lokacin, Fernando de los Riyos, tsohon malamin Lorka ne a Garanada. Shi ya tsaya aka ware musu fesata 100.000 a shekara. Fesata ita ce kuɗin Ispaniya a wancan zamani, yanzu ba a amfani da ita.

Sunan kuma fa? Kada ku haɗa shi da albarka, ko da ɓaraka, kama ce kawai ta sauti. A harshensu barraka rumfa ce ta katako, irin wadda ake kafawa a kasuwa ko wurin biki. Da farko sun yi niyyar kafa irin wannan rumfa a Madrid su riƙa wasa a ciki, lokacin hutu kuma su fita yawo. Rumfar ba a taɓa gina ta ba. Yawon ne ya tabbata, sunan kuma ya bi su.

Yadda suke aiki

Ba ko ɗaya cikin ƴan wasan da ake biya albashi. Ɗalibai ne, wani yana koyon likita, wani shari'a, wani zanen gini. An gwada su ɗaya ɗaya kafin a ɗauke su. Kuɗin gwamnati yana tafiya ne wajen mota, da mai, da abinci, da masauki, da ɗinkin tufafin wasa, da katako da fenti. Suna da kamiyo guda mai ɗaukar dandamali, wato wani babban dakali na katako da ake harhaɗawa a kuma kwance. Su kuma suna bin sa a wasu motoci. Ba sa fita sai lokacin hutun karatu.

Dukansu tufa iri ɗaya suke sawa. Maza suna sa shuɗin kayan aiki, riga haɗe da wando, irin na makanikai. Mata suna sa shuɗiyar riga mai farin wuya. Shi kansa Lorka, wanda sunansa ya riga ya fita a jaridu, kayan makanikan yake sawa. A ƙirjinsu akwai alama: ƙafar amalanke, da fuska biyu a kanta, ɗaya fara ɗaya baƙa. Wani mai zane da ake kira Benhamin Falensiya ne ya tsara ta. Abin da suke so su nuna da wannan shiga shi ne su ma ma'aikata ne. Idan sun isa gari, sai a gaida mai gari, a zaɓi fili, yawanci dandalin tsakiyar gari. Sannan kowa ya tuɓe hannun riga. Wanda zai fito a matsayin sarki da dare, shi ne da rana yake ɗaukar katako yana buga ƙusa. Bayan an tashi kuma su kwance komai su loda, ko da dare ya raba.

Mutanen gari kan fito da kujerunsu daga gida. Wanda ba shi da kujera ya tsaya. Yara su hau katanga. Wannan kam kun san shi, ba sai na bayyana muku ba.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni mamaki cikin labarin. Da ni aka tambaya wane irin wasa za a kai wa manoman da ba su yi karatu ba, da sai in ce a kai musu ɗan wasa mai sauƙi a kan tsabta ko amfanin zaɓe. Lorka bai yi haka ba. Ya ɗauko tsofaffin wasannin manyan marubutan ƙasar, waɗanda aka rubuta shekara 300 kafin lokacin: na Serbantes, da na Lope de Bega, da na Kalderon, da na Tirso de Molina. Cikin waƙa aka rubuta yawancinsu, da tsohon harshe. Masu ilimin birni suka ce ɓata lokaci ne, baƙauye ba zai gane ba. Hujjar Lorka ita ce, tun asali waɗannan wasanni a tsakar gidaje aka fara yin su, talakawa na tsaye suna kallo. Daga baya ne aka kulle su cikin littattafai da manyan gidajen wasa masu tsada. Saboda haka kayan talakawa ne za a mayar musu. Kuma bai mai da ƙungiyar wurin tallar nasa wasanni ba, alhali a waɗannan shekaru ne ya rubuta mafi shahara cikinsu. Nasa ya bar wa ƴan wasan birni masu karɓar kuɗin ƙofa.

Fitar farko

Ran 10 ga Yuli 1932 suka yi wasansu na fari, a dandalin wani gari mai suna Burgo de Osma, cikin lardin Soriya, arewa maso gabas da Madrid. Sun fara da gajerun wasannin ban dariya na Serbantes, waɗanda aka buga a 1615. Bari in ba ku labarin ɗaya, ku ji ko baƙauye zai kasa ganewa.

Wani magidanci zai yi tafiya ta ƴan kwanaki. Matarsa ta yi ta kuka, har da suma, wai ba za ta iya zama ba shi ba. Yana ba da baya sai ta share hawaye, don ita da ƴar aikinta sun riga sun gayyato samarinsu biyu, wanzamin gari da wani mai hidimar coci. Har sun aiko da kwando cike da nama da abin sha. Ana haka sai ga wani matalaucin ɗalibi yana neman wurin kwana, aka bar shi ya shigo. Ba a jima ba sai ga ƙwanƙwasa ƙofa. Mai gida ne! Keken dokinsa ya lalace a hanya, ya dawo. Nan da nan aka tura samarin ɗakin gawayi. Ɗalibin nan kuwa wayo gare shi. Ya ce wa mai gida shi ya koyi tsibbu a wani kogo na birnin Salamanka, yana iya kiran aljanu biyu su kawo abinci yanzu yanzu. Kuma don kada kowa ya tsorata, zai sa su fito da kamar wanzami da mai hidimar coci. Ya yi ƴan surkullensa, sai ga mutanen nan biyu sun fito baƙi ƙirin da gawayi, ɗauke da kwando. Mai gida ya saki baki. Ƙarshenta shi da kansa ya roƙi aljanun su zauna a ci abinci tare.

To, kun ji. Wannan ai ko a kasuwar ƙauyenku aka yi shi, za a yi dariya.

Amma ba ban dariya kaɗai suka kai ba. Sun kai wani wasa mai nauyi na Kalderon, wasan addini ne a kan halittar ɗan Adam, inda ƙasa da ruwa da iska da wuta suke fitowa kamar mutane suna gardama. Lorka da kansa ya fito a ciki, lulluɓe da baƙin mayafi, a matsayin Inuwa. A garin Almasan ana cikin wasa sai ruwan sama ya sauko. Jama'a ba su watse ba, suka zauna cikin ruwa suna saurare, ƴan wasa su ma suka ci gaba. A birnin Soriya kuwa, inda masu ilimi suke, can ne aka yi musu ihu. Wasu matasa masu ƙin jamhuriya suka shiga cikin ƴan kallo suka ta da hayaniya har wasan ya tsaya. Tun fitar farko ke nan aka gane cewa ƙungiyar tana da abokan gaba.

Daga nan suka yi ta yawo: Galisiya da Asturiyas a arewa, Garanada a kudu, Balensiya a gabas. A 1934 har sun ƙetare teku sun yi wasa a Tetuwan da Tanja, a arewacin Maroko. Jimilla sun shirya wasa 13, sun nuna su a garuruwa 74.

Wasan da ya ta da ƙura

A 1933 suka ɗauko wani wasa na Lope de Bega mai suna Fuwente Obehuna. Sunan wani ƙauye ne a lardin Kordoba, kuma labarin ya samo tushe daga abin da ya faru da gaske a 1476. Wani babban hafsa ne aka ba ƙauyen ya mulka. Azzalumi ne. Yana ƙwace dukiyar manoma, yana sa a yi wa maza bulala, yana keta mutuncin mata. Ranar auren wata budurwa mai suna Laurensiya ya zo ya kama ango, ya sa aka tafi da amarya gidansa. Da ta kuɓuto, sai ta faɗa tsakiyar taron dattawan gari, gashinta a barbaje, ta zazzage su tas, har da ubanta, a kan sun zuba ido ana wulaƙanta ƴaƴansu. Maganarta ta harzuƙa su. Gari ya tashi, maza da mata, suka faɗa gidan hafsan suka kashe shi.

Sarki ya aiko alƙali ya binciko wanda ya yi kisan. Alƙali ya sa aka azabtar da mutane ɗaya bayan ɗaya, tsofaffi da mata har da ƙaramin yaro. Duk wanda aka tambaya wa ya kashe hafsa, sai ya ambaci sunan garin kawai. Ba wanda ya tona wani. A yadda Lope ya rubuta, ƙarshen wasan a gaban sarki da sarauniya yake: mutanen gari sun zo sun yi mubaya'a, sarki ya yafe musu tun da ba a sami mai laifi ba, ya mai da garin ƙarƙashinsa.

Lorka ya cire sassan sarki da sarauniya gaba ɗaya. Ya kuma sa ƴan wasan suka yi shiga irin ta manoman zamaninsa, shi kuma azzalumin ya fito kamar mai gonar da kowa ya sani. Ku tsaya ku yi tunani a nan. Ɗan ƙodago yana tsaye a dandali, mai gonar da yake wa aiki wataƙila yana zaune a kujerar gaba. A kan dandamali ga mutane masu tufafi irin nasa sun haɗa kai sun gama da mai zaluntarsu, kuma babu wani sarki da ya zo ya raba gardama. A lokacin kuwa rikicin gonaki yana ci a ƙasar, ana zubar da jini a kansa. Masu goyon bayan Lorka suka ce ya fito da zuciyar wasan ne. Masu adawa suka ce ya yanke wasan mutane don ya yi farfaganda da kuɗin gwamnati. A ganina kowane ɓangare yana da abin riƙewa. Wasan ya yi ƙarfi, wannan ba shakka. Amma wanda ya cire sarki daga wasan da aka rubuta da sarki, a ƙasar da ta kori sarkinta shekara biyu da suka wuce, ba zai ce ba ruwansa da siyasa ba.

Jaridun ƴan adawa ba su tsaya nan ba. Suka kama maganar ƴan mata. A wancan zamani, budurwa ta shiga mota da samari ta kwana a wani gari abin magana ne a Ispaniya, ko da yake akwai babbar mace da ke rakiyarsu. Aka yi ta rubuta ƙazafi a kansu. Aka ce ƴaƴan masu kuɗi ne suke yawon shaƙatawa da harajin talaka. Shi ma Lorka aka yi ta yi masa habaici.

Akwai wata suka kuma da ba ta fito daga bakin maƙiya ba, kuma ita ta fi nauyi. Mutumin da bai ci ya ƙoshi ba, me wasa zai yi masa? Ƴan ɗayan shirin, na su Kasona, sun gamu da wannan ido da ido a 1934, a wani ƙauyen lardin Samora. Sun je da waƙoƙi da wasanni, suka tarar da yunwa da cuta. Abin ya dame su har suka sake komawa da abinci, da magani, da iri, da kayan aiki. La Barraka ita dare ɗaya take yi a gari ta wuce. Gobe da safe manomi zai koma gonar wani kamar jiya. Duk da haka ban yarda a ce aikin banza ne ba. Ku da kuka bar aikin gida da na gona kuka zo kuna koyon baƙi da wasali da girmanku, kun fi kowa sanin cewa ciki ba shi kaɗai ne ke jin yunwa ba.

Kuɗi ya yanke

A watan Nuwamba 1933 aka yi zaɓe, jam'iyyun da suka kafa ƙungiyar suka faɗi. Sabuwar majalisa ba ta ƙaunar La Barraka. Ba a fito an ce an rushe ta ba. Kasafin kuɗi kawai aka taɓa: a 1934 aka rage kuɗinta da rabi, daga baya aka tsai da shi. Ƙungiyar da ba ta karɓar ko sisi a ƙauye, ba ta da wata hanyar samu. Mota kuwa ba ta tafiya da ruwa. Sai fita ta ragu. Suka fi zuwa birane da wuraren da aka gayyace su aka ɗauki nauyinsu, kamar jami'ar lokacin hutu ta Santander. Ƙauyukan da aka kafa ta dominsu su ne suka fara rasa ta.

Lorka ma aikinsa ya yi yawa. Ya yi wata shida a Arjantina, daga ƙarshen 1933 zuwa farkon 1934, Ugarte ya riƙe ƙungiyar. Wajen ƙarshen 1935 ya janye daga shugabancinta. Ɗaliban suka lallaɓa har farkon 1936.

A tsakiyar Yuli 1936 wasu hafsoshin soja suka yi wa jamhuriya tawaye, yaƙin basasa ya ɓarke. Ƴan kwanaki kafin haka Lorka ya bar Madrid ya tafi gida Garanada. Garin ya faɗa hannun ƴan tawaye. Ya ɓuya a gidan wasu abokansa, amma ran 16 ga Agusta aka zo aka kama shi. Bayan kwana biyu ko uku aka fitar da shi bayan gari, tsakanin ƙauyukan Bisnar da Alfakar, aka harbe shi tare da wasu mutum uku. Ɗaya cikinsu malamin lakwal ne. Shekarar Lorka 38.

Ƴan La Barraka suka watse. Waɗanda suka ɗauki katako ɗaya jiya, yaƙi ya raba su, wasu nan wasu can. Sakataren ƙungiyar, Rafayel Rodriges Rafun, ya mutu a watan Agusta 1937 sakamakon raunin da ya samu a fagen fama kusa da Santander. Yaƙin ya ƙare a 1939 da nasarar Janar Franko, wanda ya mulki ƙasar har mutuwarsa a 1975. Ugarte ya yi gudun hijira zuwa Meziko, can ya rasu a 1955. Ministan da ya ba su kuɗi ya rasu a birnin Niyok na Amurka a 1949.

Sai a 1976 ɗaya daga cikin tsofaffin ƴan wasan, Luwis Sayens de la Kalsada, wanda ya zama likita, ya buga littafi a kan ƙungiyar. Akwai kuma ɗan gajeren fim marar sauti da wani ɗalibi cikinsu, Gonsalo Menendes Fidal, ya ɗauka tun suna yawo. A ciki ana ganin kamiyon a kan hanya, ana ganin samari cikin kayan makanikai suna harhaɗa dandamali, ana ganin Lorka cikin baƙin mayafinsa. Kabarinsa kuwa, an haƙa wurin da ake zato a 2009, an sake haƙa wasu wurare kusa da nan daga baya, ba a sami ƙasusuwansa ba.